Shekarar da Na Kashe Zagayen Hula

Ni ne ba ni da gaskiya, ba kawunku Illiya ba. Na fara da wannan don kada wani cikinku ya karanta rabi ya ajiye takardar bai kai wurin ba. Shekara goma sha ɗaya kuna ji daga bakina cewa hassada ce ta raba gidanmu da gidansa, wai ya ga Allah ya buɗa mini ya kasa jurewa. Ƙarya na yi muku. Saboda maganata kuka daina zuwa gaishe shi da Salla, ƴaƴansa suka daina shigowa gidan gwaggonsu, uwarku kuma ta yi ta kallon wannan abu tana haɗiyewa. Aji huɗu na yi a lakol, makarantar boko, mahaifina ya cire ni, don haka kada ku nemi gwaninta a rubutun nan. Abin da ya faru zan faɗa, yadda ya faru.

Ƙananan cikinku sun ga zagayen hula ne bayan ya dawo, ba su san ya taɓa mutuwa ba. Tun ina saurayi haka ake cinikin aya a kasuwar garinmu. Masu saye huɗu ne, kowa da tabarmarsa da tiyarsa ta awo a ƙarƙashin itatuwan gawo na gabas da kasuwa. Manomi in ya iso da amalankensa ba ya kwance buhu. Sai ya tsai da sa a inuwa, ya cire hularsa, ya cika ta da aya daga bakin buhu, ya bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Mata kuwa a faifai suke zubawa. Kowane mai saye zai ɗebi kaɗan, ya girgiza a tafin hannu ya ga ko da yashi, ya ciji ƙwaya ɗaya ya ji bushewarta, sannan ya faɗi abin da zai biya a tiya. Manomi ya ji baki huɗu, ya zaɓi wanda ya yi masa. Kun san wahalar aya: a ƙone ganye, a tona, a zauna kwana da kwanaki ana rairayar ƙasa har bayan mutum ya ƙage. Bayan duk wannan, zagayen nan shi ne ɗan lokacin da manomi yake zama mai iko a kanmu. Za ka ga tsoho ya dawo tabarmata yana murmushi, kai ba hula, yana cewa Illiya ya fi ni da dala biyar, in ƙara ko ya tafi. In ƙara biyu, ya yi tsaki ya tafi, in ƙwala masa kira, ƴan kallo su yi dariya. Mu ma muna jin zafi, amma kasuwa tana cika.

Kawunku ne ya zaunar da ni a kan tabarma. Ina ɗaukar masa buhu ya ga ina da ido, ya koya mini cizon aya, ya koya mini yadda ake gane wadda aka jiƙa don ta yi nauyi. Da ya ga na tsaya da ƙafata ya roƙi sarkin kasuwa ya ba ni wuri kusa da nasa, bai damu da cewa zan riƙa raba masa masu kaya ba. Bayan shekara biyu ya ba ni ƙanwarsa Rabi. Yaya nake ce masa, shi kuma Sani yake kirana ko bayan na je Makka, ko da kowa ya koma ce mini Alhaji.

Shekarar da nake ba ku labari, shekarar da na sayi kamyo ce, babbar motar ɗaukar kaya. Kafin nan mu huɗu muke haɗuwa mu ɗauko motar haya daga Gazawa, kowa ya ɗora nasa. Na sami wani babban mai saye daga kudu wanda ya ce in zan cika masa mota kowane mako, ba zai nemi kowa ba sai ni. Na kwana biyu ina tunani, na ga abu ɗaya ne ke tsakanina da arziki, wato wannan ƙare-ƙare da muke yi wa juna a gaban manoma. Ranar Litinin bayan la'asar, jajibirin kasuwa, na kira sauran ukun zaurena: Alhaji Bawa, da Mamman Ɗan Gwaggo, da kawunku. Uwarku ta aiko da fura. Na jira aka sha, sannan na shimfiɗa musu abin da na ƙulla. Kowace Litinin zan yanke kuɗin tiya. Ranar kasuwa Ɗan Gwaggo ya faɗi ƙasa sosai, Bawa ya ɗara shi kaɗan, Yaya ya ɗara Bawa, ni in faɗi wanda muka yanke. Duk hula za ta ƙare a tabarmata, manomi ya tafi yana murna ya sami wanda ya fi. Da yamma mu raba buhuna huɗu, in ɗaukar wa kowa nasa a motata. Bawa ya ce wannan dabara ko a Maraɗi sai an tona. Ɗan Gwaggo yana ta dariya yana cewa shi dama an san shi da rowa, ba wanda zai yi mamaki. Kawunku bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Sani, hular fa?"

"Wace hula, Yaya?"

"Mutum ya cire hularsa, da furfurarsa, ya yi ta bin mu cikin rana tabarma huɗu, alhali mun gama maganarsa tun jiya a kan fura?"

Na ce masa ba wanda za a ƙwace wa kaya. Na ce in ba mota mai tashi kowane mako, wa zai kwashe ayar garin nan? Ni ne zan kawo musu tabbas. Na ce ƙananan masu saye ba su da baki a kudu, sai wanda ya tara da yawa ake saurare, in na yi ƙarfi garin ne ya yi ƙarfi. Ban ce duk ƙarya ce ba, har yau ina ganin akwai gaskiya a ciki, kuma wannan ƴar gaskiyar ce na riƙa lulluɓa da ita shekara da shekaru.

"To ka faɗa musu mana," in ji shi. "Ka tashi gobe a tsakiyar kasuwa ka ce, jama'a, daga yau ni kaɗai ke yanke kuɗi, ga dalilina. In sun yarda, ni ne farkon mai bin ka."

Bawa ya ce ai ba a yin kasuwa da shela.

"Shi ke nan," in ji kawunku, ya miƙe yana neman takalmansa. "Abin da na ji a zauren nan ba zai fita daga bakina ba, don ɗakin ƙanwata ne a bayan bangon nan. Amma gobe abin da aya ta kai shi zan faɗa."

Haka ya yi. Washegari mu uku muka yi wasanmu, shi ya faɗi gaskiyar kuɗi, huluna suka yi ta tafiya wurinsa har ya rasa inda zai zuba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da na tsaya a nan, da na ce masa ka yi naka in yi nawa, da ba ni da abin rubutawa yau. Amma na san inda ƙarfinsa ya ƙare, tun da shi ya koya mini sana'ar. Mai saye ba ya rayuwa da tiya kaɗai, sai da buhu, da mai ɗinke bakin buhu, da mai ɗauka, da mota. Mutum ɗaya ke kawo buhunan wofi kasuwarmu, na tare shi tun a hanya na saye duk abin da zai kawo har ƙarshen kaka. Masu ɗinki biyu ne, na ɗauke su aiki su biyun. Ƴan dako na ce musu duk wanda ya taɓa kayan Illiya kada ya zo kusa da motata. Motar haya ta Gazawa ta zo sau biyu, direba ya ga kayan mutum ɗaya ba su kai rabin mota ba, bai sake zuwa ba. Ban daki kowa ba, ban zagi kowa ba, ban taka dokar da na sani ba. Ina gaishe shi kowace safiya da ladabi.

Ya yi ƙoƙari. Ya zuba aya a ƙasa cikin ɗakin soronsa, ya riƙa ɗinka tsofaffin buhuna da hannunsa. Ya ɗauki amalanke biyu yana jan kaya zuwa Cadawa, tafiyar wuni, ribar ta ƙare a hanya. Ɗaya cikin shanun da ke jan su ya gurɗe. Kasuwa bakwai ya jure. A ta takwas na iso na tarar wurinsa wayam, an naɗe tabarmar, sai alamar inda take a ƙasa. Ɗan Gwaggo ya ja tasa ya matsa cikin inuwar.

A ranar uwarku ta kawo mini tuwo ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba.

"Alhaji, mi ya shiga tsakaninka da Yaya?"

"Mi ya ce miki?"

"Bai ce komai ba. Shi ya sa na tambaye ka. Yaya in an yi masa ƙaramin abu yakan yi ta faɗa har a gaji. In ya yi shiru, abin babba ne."

Na ce mata kasuwa ce ta fi ƙarfinsa yake jin haushin mai mota. Ta dube ni har na sunkuyar da kai cikin akushi. Ba ta sake tambayata ba, ko sau ɗaya, cikin shekara goma sha ɗaya. Daga wannan amsar da na ba ta ƙaryar hassada ta fara, na maimaita ta gare ku har na kusa yarda da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da kaka ta zagayo. Kawunku ya koma gona, ya shuka aya kamar kowa. Wata Talata ina zaune ina awo, na ɗaga kai na hango shi yana tsai da amalanke a inuwa. Na zaci zai zo kai tsaye wurina, tun da ya san inda maganar za ta ƙare. Bai yi haka ba. Ya cire hularsa, ya cika ta da aya, ya nufi tabarmar Ɗan Gwaggo. Ɗan Gwaggo ya ciji ƙwaya ya faɗi kuɗinsa yana kallon ƙasa. Ya wuce wurin Bawa, Bawa ya ɗara kaɗan, muryarsa ba ta fita sosai. Sannan ya iso gabana ya durƙusa kamar yadda manoma ke yi, ya miƙo mini hular da hannu biyu. Mutumin da ya koya mini cizon aya. Na ɗauki ƙwaya na sa a baki, na kasa jin ko busasshiya ce ko ɗanya. Na faɗi kuɗin da muka yanke jiya.

"Alhaji, kai ka fi su," in ji shi. "Auna."

Ranar ce farkon ranar da ya ce mini Alhaji. Na auna, na biya shi, ya kakkaɓe hularsa ya sa ya tafi. Na so in ƙara masa wani abu a ɓoye, na san ba zai karɓa ba, kuma na ji tsoron idonsa.

Shekara biyu na ci riba irin wadda ban taɓa gani ba. Ginin siminti da kuka girma ciki, a lokacin aka yi shi. Amma manomi ba wawa ba ne. Akwai wani Bafillace, Arɗo Buba, wanda ke kiwo a arewa da gari yana kuma taɓa noman aya. Shi ya fara faɗa a fili. Ya gama zagayensa wata rana ya tsaya tsakanin tabarmin uku ya ce da Hausarsa:

"Ni dai shanu na sani, ban san kasuwa ba. Amma tun bara ina zagaya, kullum na fari ƙasa, na biyu tsakiya, na uku sama. Ko saniya takan sake hanya wata rana. Ku ba ku sakewa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Mako na gaba ya zo bai cire malfarsa ba, ya zo tabarmata kai tsaye ya ce in auna, ƙafafunsa sun tsufa. Cikin wata biyu kowa ya bi shi. Ba mai cire hula, ba mai tsaki, ba mai komowa da murmushi. Mutum ya zo, ya ji kuɗi, ya kwance buhu. Na ɗauka nasara ce, aiki ya yi sauri. Ban lura ba cewa masu zuwan suna raguwa. Wayar salula ta yawaita a hannun mutane, manomi yana zaune a gindin rumbunsa zai ji abin da tiya ta kai a Cadawa da Gazawa. Masu ƙarfi suka riƙa wuce mu da asuba da amalankensu. Waɗanda suka rage su ne tsofaffi da zawarawa da marasa sa, waɗanda ba su da yadda za su yi, kuma su na ci gaba da matsa. In manomi bai sauka a kasuwa ba, ba ya sayen ƙosai, ba ya aski, ba ya ɗinka wa matarsa zane. Mahauta uku suka koma ɗaya. Masu fura suka daina zuwa daga rugage. A shekara ta biyar motata tana tashi da rabin kaya, mutumin kudu ya sami wani a Cadawa ya daina ɗaukar kirana. Bawa ya rasu, Allah ya jiƙansa, Ɗan Gwaggo ya koma sayar da taki. Na zauna ni kaɗai ƙarƙashin gawo huɗu, na zama mai saye tilo kamar yadda na so, a kasuwar da ba kowa.

Ko a nan ban tuba ba. Na ce fari ne, na ce hanya ce ta lalace, na ce mutanen yanzu ba su da amana.

Bara waccan ne wani kamfani daga birni ya aiko wakili. Suka ce za su gina mangaza ta ajiyar kaya a garinmu, su gyara hanyar da ta haɗa mu da babbar hanya, su kawo injin tankaɗe aya, su saye duk abin da aka noma a kuɗin da za su sanar tun farkon kaka. Sharaɗi ɗaya: shekara biyar kada wani ya shimfiɗa tabarmar sayen aya a kasuwar sai su. Gari ya rabu biyu, har a masallaci ana gardama. Aka sa ranar taro a meri, ofishin magajin gari. Hadiza, a lokacin kin zo hutu daga karatunki na Maraɗi, ke kika zaunar da ni a tsakar gida kina yi mini bayani. Kin ce wannan gardamar ba ta garinmu kaɗai ba ce, har manyan ƙasashe ita suke yi a kan kamfanonin da suka haɗiye na ƙasa da su. Wasu na cewa a bar babba ya yi girmansa muddin yana biya da kyau yana kawo sauƙi. Wasu na cewa kyan biyan yau ba shi ne magana ba, maganar ita ce ranar da ya daina biya da kyau, akwai wurin da mutum zai juya?

"Baba, kai fa ka daɗe a sana'ar nan," kika ce. "Mi ya kashe kasuwarmu tun farko? Kullum in na tambaya sai a ce fari. Cadawa ba a yi fari ba?"

Uwarku tana tsince wake a gefe. Hannunta ya tsaya cikin faifai, ba ta ɗago ba. Na ce miki rana ta yi, zan tafi masallaci, alhali ko kiran farko ba a yi ba. Ki yafe mini wannan ma.

Ranar taron ofishin ya cika, har tagogi mutane. Wakilin kamfani yaro ne mai ladabi, bai yi ƙarya ba. Ya ce ba za su zuba dukiya a gini da hanya ba sannan wani ya zo da tiya ɗaya ya kwashe amfanin. Manoma da yawa suka goyi bayansa. Wata tsohuwa, shugabar ƙungiyar mata, ta ce ita ta gaji da jiran mai saye, a ba ta kuɗin da ta sani tun farko ta huta. Wani ya ce ai dama mai saye ɗaya ne a garin, mi za a rasa in an sake shi da wanda ya fi shi? Aka juyo ana kallona ana ƴar dariya. Magajin gari ya ce Alhaji Sani ya fi kowa daɗewa a kan tabarma, a ji ta bakinsa. Na miƙe da niyyar in kare wurina kawai, in ce kada a kori ɗan gari saboda baƙo. Sai na hango kawunku a can baya jikin bango, ya tsufa, hularsa a kan gwiwa saboda zafi. Ban san yadda aka yi ba, maganar da na shirya ta tafi.

Na faɗa musu komai. Furar Litinin, da wanda ke faɗin ƙasa da wanda ke faɗin sama, da buhunan wofi, da masu ɗinki, da ƴan dako. Na ce ni ma da alheri na zo, ni ma mota na kawo da tabbas, kuma shekarar farko ban matsa sosai ba. Ban zama azzalumi rana ɗaya ba. Kowace Litinin nakan rage kaɗan, in jira in ga wa zai hana ni, ba kowa, in sake ragewa. Na ce yaron nan mutumin kirki ne, amma ba shi zai yanke kuɗi a shekara ta huɗu ba, wani ne a birni wanda bai taɓa ganin fuskarku ba, ni kuwa ina ganin fuskarku na yi abin da na yi. Sai Arɗo Buba ya ɗaga sandarsa daga taga.

"Alhaji, yau dai saniya ta sake hanya."

Dariya ta ɓarke, wasu kuma ba su yi dariya ba, kuma suna da gaskiya. Wani ya tashi ya zage ni, na tsaya na ji. Tsohuwar nan ta ce to yanzu mi nake so a yi, a kori masu gyara hanya a zauna da ni? Na ce a'a, Inna, su zo. Su gina mangazarsu, su ajiye injinsu, duk mai son tankaɗe ya biya su. Su shimfiɗa tabarma mafi girma a kasuwar in sun so. Amma ta zama ɗaya cikin tabarmi, kada ta zama ita kaɗai. Na ce motata daga yau duk mai kaya ya ɗora a kuɗin haya ɗaya, ko abokin gasata ne, buhu kuma ba zan sake tare shi a hanya ba.

Ba maganata ce ta yanke hukunci ba, an yi zama uku bayan wannan, an yi ta ja. A ƙarshe kamfanin ya yarda ya zo ba tare da an rufe wa kowa ƙofa ba, sai dai ya janye maganar hanya, kuma har yau akwai masu cewa ni na jawo musu asarar hanya. Wataƙila haka ne. Duk damina in mota ta kafe a kwarin da ke kan hanyar nakan ji sunana. Amma ku je kasuwa ranar Talata ku ƙirga tabarmi: ta kamfani, da ta ƙungiyar manoma, da ta wasu mata biyu masu kai aya Gangara, da tawa, da ta Lawali ɗan kawunku. Mahauta sun koma biyu. Makon jiya wani tsoho ya dawo gabana kai ba hula ya ce Lawali ya fi ni da dala biyar, in ƙara ko ya tafi. Na ƙara biyu, ya yi tsaki ya tafi. Ban taɓa jin daɗin tsaki irin na ranar ba.

Saura abu ɗaya. Faɗa a gaban taro ya fi sauƙi a kan faɗa a gaban mutum ɗaya. Bayan taron na yi kwana tara ban je wurinsa ba. A rana ta goma uwarku ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa. Na same shi a gona da hantsi, yana zaune a ƙasa da rariya tsakanin ƙafafunsa, iyalinsa suna tona. Abin da ya amsa mini ba sai na rubuta ba, kun gani da idonku ranar da ya shigo gidan nan da Salla ya tsaya a tsakar gida yana ƙwala kiran Sani, har uwarku ta saki ƙwarya. Abin da ni na ce masa ne ba ku ji ba, kuma ina so ku riƙe shi, ku faɗa wa ƴaƴanku a madadin ƙaryar da na ba ku. Na cire hulata, na durƙusa a cikin ƙasar da yake rairaya, na ce:

"Yaya, kai ka zaunar da ni a kan tabarma, ni na naɗe taka. Ka ba ni ƙanwarka, na raba ta da kai. Ka rufa mini asiri shekara goma sha ɗaya, ni kuwa ina ce wa ƴaƴana kai mai hassada ne. Ranar da ka zo gabana da hula a hannu na san abin da nake yi, ban da wani uzuri. Ba zan iya mai da maka shekarun nan ba. Ban zo da komai ba, ga hulata wofi. Don Allah, Yaya, ka yafe mini."